Rawayar da Innarmu Ta Tsallako da Ita

Tun da aka gama kaka ɗana na fari yake kewaye-kewaye da magana. Ya zo gaisuwa ya zauna ya yi ta murza hula, ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba, har ranar da ya gaji ya amayar da ita. Yana son gefen gonar nan na yamma, wanda ya kalli tafki, a haɗe shi da sauran fili, tarakta ta shiga ta kafce, a ja tiyo daga bakin ruwa a zuba albasa. Wurin bai fi tsakar gidan mai rufin asiri ba. Babu komai a cikinsa sai rawaya, shi ma ya sani, don jiƙonta ya sha tun bai iya zama ba. Na ce masa a'a. Ya ce in yi tunani. Na ce na gama tunanin tun kafin a san za a haife shi. Yanzu magana ta fita gari, ana cewa tsufa ya fara taɓa ni, na tsaya ina gadin ciyawa ina hana ɗana neman abinci. To, bari in faɗi abin da nake gadi, wanda ya ga dama ya ci gaba da dariyarsa bayan ya ji.

Yaran yanzu ba su san rawaya ba ko sun taka ta. Da damina ba ta da wani kwarjini, ɗan tsiro ne da bai wuce cinya ba, ganyensa a rarrabe kamar yatsun hannu, akuya ma ba ta cika kula shi ba. In rani ya kama sai ta bushe ta ɓace, ka rantse ba a taɓa yin komai a wurin ba. Sai an sa wa daji wuta, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sannan wata safiya ka fito ka tarar fure ya tsaga toka ya fito, babu kara babu ganye, launinsa kamar garin ɗorawa, a kwance a kan ƙasa. A ƙarƙashin furen nan saiwar take, in ta tsufa kaurinta ya kai damtsen mutum, kuma ita ake nema. A kankare bayanta, a daka, a shanya a inuwa, a tankaɗe. Mai shawara, wanda idonsa ya juye ya yi ɗorawa, a jiƙa masa ya sha. Mai zazzaɓin da ya ƙi sauka a dama masa a kunu. Wanda ya ƙone a barbaɗa masa garin. In manja ya yanke a gida, a zuba kaɗan a miya ta yi kyan gani, masaƙa kuma su rina zare da ita. Ban ce tana warkar da kowa ba, ni ba boka ba ce, na ga waɗanda suka sha suka tafi. Amma da ita muka tashi, kuma na ga waɗanda suka sha suka miƙe suka koma gona.

A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar ruwa, tun Kwara tana kogi mai gudu, ba ta zama wannan tafkin da ba a hango tsallakensa ba. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar wurin. Kafin gari ya waye kana jin filafili yana bugun gefen kwalekwale, masunta sun fita duba taru, sai gurnanin dorina daga can ƙasan gungu, sai luguden mata ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan. Mu 'yan mata aikinmu ban-ruwan albasa. Ka sunkuya da ƙwarya ka ɗebo ka watsa, ka ɗebo ka watsa, har bayanka ya manta yadda ake miƙewa, in ka ɗago ka huta wata tsohuwa ta jefo maka magana daga nesa, wai albasa ba ta san gajiya ba sai ƙishirwa. In an dawo da kifi mu ne masu gyara, mu ne masu hura wutar banda, hayaƙi ya shiga gashi ya ƙi fita ko an yi sabon kitso. Ba mu san hutu ba, ba mu kuma san muna wahala ba, sai da muka girma aka gaya mana. Masu salla da masu bin addinin kakanni duk mashaya ɗaya muke, in wani ya kwanta ba a tambayar inda yake fuskanta kafin a kai masa jiƙo. A tsakiyar gungun akwai tudu mai jar ƙasa da tsakuwa, inda ambaliya ba ta kaiwa. Ta gefe ɗaya ake binne mutanenmu, ta ɗaya gefen kuma rawaya ce a shimfiɗe.

Tononta yana da doka, mai riƙe da dokar kuwa Goggo ce, yayar Babanmu, doguwar mace mai murya irin ta maza, wadda ko mai gari yakan sauya hanya in ya hango ta da safe. Ita take jan mata zuwa tudu bayan wuta ta ci. Ba a zuwa da fartanya ko dagi, sai ɗan itace mai tsini da wuƙa. Za ka tona ta gefe, a hankali, har ka ga inda saiwa ta yi reshe, ka yanki reshen ka bar babbar, wadda muke kira uwa. Ka mayar da ƙasa, ka danna da diddige, ka watsa toka a kai. Ba a cire uwa. Ba a sayar da abin da aka tono, wanda ya roƙa a ba shi. Ba a kuma dasa ta a gona ko a gida, don a cewar manya, abin da Allah ya shuka da kansa in hannun mutum ya sauya masa wuri ya zama ciyawa, maganin ya fita. Na taɓa ganin wata amarya da aka auro daga tsallake ta finciko uwa ɗungurungum don sauri. Goggo ba ta zage ta ba, ta sa ta mayar da ita raminta, ta kuma sa ta jidar ruwa daga kogi zuwa tudu kullum har sai da ganye ya fito. Innarmu kuwa gajeriyar mace ce marar yawan magana, mai sanyin tafiya. Ba a taɓa jin ta ɗaga wa Goggo murya ba, ko haɗa ido ba ta yi da ita.

Da aka fara cewa gwamnati na toshe kogi a Kainji, ruwa zai hau ya cinye gungu, dattawa dariya suka yi, suka ce Kwara ba rijiya ba ce da za a yi mata murfi. Wasu mutane masu gajeren wando suka zo suka leƙa ɗakuna da rumbuna, suka shafa fenti a jikin itatuwa, suka tafi, muka ci gaba da ban-ruwanmu. Sai da muka ga mutanen gungun da ke ƙasa da mu sun kwashe, jirage na wucewa da tukwane da awaki da tsofaffi a zaune a kan kaya, sannan dariya ta ɗauke. Aka sa mana lokacin tashi a cikin rani, jim kaɗan bayan wuta ta ci tudu. Kowa ya shiga ɗaurin kaya. Maza suka yi ta jayayya a kan kaburbura, wasu na cewa a tone a tafi da su, malamai na cewa ko'ina ƙasar Allah ce, a bar su su huta. Babu wanda ya tuna da ɗaya gefen tudun.

Ana gobe za mu tashi, da hantsi, Innarmu ta ce in ɗauko kwando in biyo ta. Na ga dagin Baba a hannunta, na ce a raina yau akwai magana. Muka hau tudu, fure ya baje ko'ina, ban taɓa ganin ya yi yawa kamar na shekarar nan ba. Ta zaɓi wata tsohuwar uwa, ta haƙa kewaye da ita har rami ya kai mata gwiwa, ta ɗago ta da ƙasarta duka, ta naɗe a tsohon zane ta sa a kwando. Ta koma kan wata, ta sake komawa kan wata. Tana cikin haƙa sai ga inuwar Goggo a kanmu.

"Ke, mi nika gani haka?" in ji Goggo. "Uwa kinka cire?"

Innarmu ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ita ta, Yaya."

"Da hankalinki? Abin da tun kakanni ba a taɓa ba? Maida ta raminta."

"In na maida ta, Yaya, ruwa za shi bar ta?"

Goggo ta ce, "Wanga ba naki ba na. Wanda yash shuka ta shi ya san yadda za shi yi da abu nai. In kin kai ta can kin dasa, ciyawa kinka dasa."

Sai Innarmu ta miƙe ta kaɗe hannuwa, ta dubi Goggo cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "An hana mu cire uwa don ɗiyanmu su iske ta. Baɗi war haka kihi ka kiwo nan wurin. Ni dai da ita za ni. In ta zama ciyawa, ciyawar gidanmu ta."

Goggo ta juya ta sauka daga tudun. Ni kuwa ga kwando a kaina, ga tsoro, ga kuma wani daɗi da ban san sunansa ba a lokacin. Washegari a cikin jirgi mata na riƙe da tukwane da kaji, Innarmu na rungume da kwandon ƙasa, tana kai hannu cikin kogi tana yayyafa masa ruwa. Mai tuƙa mu ya tambaye ta ko an gaya mata babu ƙasa a inda za mu, jirgi duka ya ɗauki dariya.

Inda aka sauke mu tudu ne a gabas da ruwa, gidaje a jere reras, da rufi mai lanƙwasa kamar an kifa kwalekwale, da rana ba ya zaunuwa don zafi. Babu inuwa, babu kuma wanda ya san dajin. A gungu ko makaho ya san inda kowane itacen magani yake, a nan kuwa ko sabara sai mun tambayi Fulani. Da aka yanka wa Baba gona, Innarmu ta roƙi gefen da ya fi tsakuwa, wanda ba mai so, ta binne saiwoyinta. Ni ce mai jido ruwa da tulu safe da yamma, mata na tsaye a hanya suna ce mini, "Sannu da noman magani." Damina ta zo, ruwa ya hau yadda aka ce, muna tsaye muna kallo har tudun gungunmu ya shige, sai kawunan giginya suka rage suna leƙowa. A cikin saiwoyin nan guda ce kawai ta yi ganye, shi ma ɗan tsirit, sauran suka ruɓe. Da rani aka sa wuta, Innarmu ta yi ta zirga-zirgar dubawa, ba ta ga fure ba.

A wannan ranin Baba ya kwanta. Mutum ne da ya san kogi kamar yunwar cikinsa, amma tafki ya rikita shi, ramukan kifin da ya sani duk sun ɓace, taru na maƙalewa a kan itatuwan da suka nutse, ya fita da safe ya dawo da yagaggen kaya. Ya rame, ya daina cin abinci, idonsa ya juye. Shawara ce, kowa ya gani. Ɗan garin rawayar da aka taho da shi daga gungu ya ƙare tun da damina, don zazzaɓi ya yi ta kayar da mutane a sabon wuri. Goggo, wadda rabonta da ɗakinmu tun ranar tudu, ta shigo ba sallama, ta tsaya a kan Innarmu. Ita da ta ce ciyawa ce, yau ita ce ta zo nemanta.

"Tahi ki tono wagga da kinka dasa," ta ce.

Innarmu ta ce, "Ba ta yi reshe ba, Yaya. Uwa ta kaɗai, ko kamawa ba ta gama ba. In na taɓa ta, ta mutu."

"Ta mutu mana. Ƙanena na kwance, kina min zancen saiwa?"

"In samo mai wata. Daji bai ƙare ba."

"Ina kinka sani cikin dajin ga?"

"In tambaya."

Goggo ta ce, "Kin hi son itace da mijinki. Allah na gani."

Sai muka ji muryar Baba daga kan gado, a shaƙe. Ya ce, "Yaya, bar ta ta tahi. Abin da anka hana cirewa can, ba a cire shi nan."

Da asuba muka kama hanyar gabas, ni da Innarmu, muka nufi duwatsun da Kambari suke. Muka yi ta tambaya ruga-ruga, ƙauye-ƙauye, inda Hausa ta ƙare Innarmu ta zana furen a ƙasa da yatsa. Ƙafafuna da suka saba da laka suka tsattsage a kan duwatsu, ban yi ƙorafi ba don ita ba ta yi ba. A ƙarshe wata tsohuwa cikin Kambari, da lofen taba a baki, ta gane abin da muke nema, ta kai mu bayan wani dutse inda wuta ta ci. Ba ta ba mu wuri ba, ta tsaya a kanmu tana son ta ga irin hannun da muke da shi. Innarmu ta tona ta gefe, ta yanki reshe, ta mayar da ƙasa, ta danna da diddige. Tsohuwar ta cire lofe ta yi dariya, ta durƙusa ta tono mana wasu da kanta, daidai yadda Goggo take yi, ta kuma cika mini gefen zane da gyaɗa. Mun kwana a hanya zuwa da dawowa, duk kwanakin nan Baba yana kwance yana jira.

Ya sha. Ya ɗan farfaɗo, har yana zama a ƙofar ɗaki yana ɗinkin taru. Aka kuma kai shi asibiti a Yelwa aka ba shi nasu maganin. Ya ga saukar damina, bai ga kaka ba. Ranar da aka binne shi Goggo ta faɗa a gaban mata cewa da an tono tun ranar farko da ƙanenta yana nan. Innarmu ba ta taɓa amsa mata ba har ta koma ga Allah. Na tsani maganar nan har yau. Kwana ya ƙare, ko buhu aka jiƙa masa ba zai ƙara yini ba, haka na yarda, haka kuma aka koya mini. Amma na sha hango Innarmu a gefen gona a tsaye ita kaɗai, na san tambayar Goggo take yi wa kanta, kuma ba ta da mai ba ta amsa.

Rani na gaba fure ya fito. Ni na fara gani, na ruga na kira ta. Ta zo ta durƙusa a kan toka, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Ba ta bari an taɓa wurin ba sai da shekaru suka shuɗe, 'ya'yan da furen ke haifa suka yi ta fashewa audugarsu mai ɗauke da iri na faɗuwa nan kusa, saiwa ta rarrafa ta ƙarƙashin ƙasa, gefen ya cika. Masu cewa sannu da noman magani su ne suka fara zuwa da ƙoƙo a hannu, ba kuma wadda ta ce maganin ya fita. Har Goggo, da jikarta ta kwanta, ta aiko. Innarmu ta tona ta daka da hannunta ta aika mata, amma gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Baba bai bar ɗa namiji ba, da aka raba gado gonar ta faɗo a rabona. Na yi aure a nan garin, mijina ya noma ta har ya rasu, ɗana ya karɓa, kuma kowannensu kewaye gefen nan yake yi da garma ba sai an gaya masa ba.

Yanzu ku je ku duba dajin. Masu buhu sun shiga da diga suna tumɓuke uwa da 'ya, a loda a babur a kai kasuwa, ramuka a buɗe ba mai mayar da ƙasa, sai dai saniyar Fulani ta faɗa ta karye. Abin da suka rage maganin feshi ya ƙarasa, wannan da ake goyawa a baya ana fesa wa ƙasa, ya kashe mai amfani da marar amfani. An ce ko a duwatsun Kambari yanzu sai ka yini kana yawo ba ka ga fure ba. Garin da ake sayarwa a leda kuwa, lasa ka ji, dusa ce aka yi wa kala. Shi ya sa har yau ake sallama a ƙofata, matan Fulani daga ruga, matan masunta daga bakin ruwa, matar fasto daga unguwar sama. Ba na karɓar komai, kuma ina gaya wa kowa kada ya tsaya a kaina, in ido ya juye a je asibiti a duba. Ba gaba nake da zamani ba. Na hau jirgi mai inji na ji daɗinsa, injin ban-ruwa ya hutar da bayan jikokina, hutun da nawa bai samu ba. Abin da na ƙi shi ne a ce mini duk abin da ba ya shiga buhu ba shi da amfani, kuma mai gaya mini ya zama wanda bai taɓa mayar da ƙasa a rami ba.

Ɗana ba mugu ba ne, kada wani ya ce na ce. Gidansa cike yake da baki, kifi ya ja baya, ƙasa ta gaji, gefen nan kuma shi ya fi kusa da ruwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da ya ga a'a ɗina ba ta motsi, sai ya zo da dabara, ya zauna a bakin tabarma ya sassauta murya.

"Inna, ba kashe ta za a yi ba," in ji shi. "A tone ta da ƙasatta, a maido miki bayan ɗaki, in yi miki shinge, in ja miki ruwa. Ai Kaka ma haka tay yi. Ke kinka ba mu labari."

Ka ji ɗan yau, da sandata zai doke ni. Maganar ta shige ni, na yi kwanaki ina juya ta. Na tuna saiwoyin da suka ruɓe, na tuna shekarun da gudar ta ɗauka kafin ta yi reshe, na dubi hannuwana na san ba ni da waɗannan shekarun. Amma ko da ina da su, akwai abin da yake tokare ni a maganar, wanda ban iya fitar da shi da baki ba a lokacin. Shi kuwa ya ɗauki shiruna amsa ce.

Wata safiya na ji rurin tarakta ta nufi yamma. Na ɗauki tabarma da sanda na bi ta a hankali, don gwiwa ba ta gudu yanzu. Fure ya fito ke nan, ya baje a kan toka. Na tarar da 'yan ƙwadago da diga da buhuna suna jiran a ce su fara. Na shimfiɗa tabarmata tsakanin furen da tarakta, na zauna na miƙe ƙafa. Direban, wani mutumin Shanga mai furfura a gemu, ya kashe inji ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi furen, ya koma gefe ya kama cin goronsa. Masu gonakin maƙwabta suka fara taruwa a kan iyaka.

"Inna, don Allah tashi, mutane na kallo," in ji ɗana. "Na ce miki ba ɓata ta za a yi ba. Ɗauke ta za a yi, kamar yadda Kaka tay yi."

A nan bakina ya sami abin da yake nema. Na ce, "Kakarka ruwa yak kore ta. Ruwa ba shi da kunne, ba shi da uwa, ba a roƙo nai. Ta ɗauke don babu wanda za ta ce ma bari. Ni wa ka korata? Kai na, da nig goya. In na tone ta yau, na shaida ɗana da ambaliya ɗai suke. Ba ni yin wagga shaida."

Ya tsaya kansa a ƙasa, yana tona tsakuwa da takalmi. Can ya ɗaga hannu ya yi wa direba alama ya kewaye, ya ce wa 'yan ƙwadago su ajiye diga. Sannan ya ce, a gajiye, ba da fushi ba, "Shi ke nan, Inna. Sai in jira."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Na ga fuskarsa ta sauya, ya buɗe baki zai gyara, babu abin gyarawa, don gaskiya ce. Ni ma na san ranar da aka ɗauke ni, tarakta za ta shiga kafin a share makoki. Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba, daga bakin wanda na yi wa naƙudar fari. Amma ban bari ido ya kawo ruwa a gaban 'yan kallo ba, na gyara zama a kan tabarma.

Na ce, "Jira, ɗan nan, hakkinka na. Amma in ka koma gida ka ce ma matarka ta ƙara min tuwo. Ba ni da niyyar yin sauri."